Babi na Biyar: Mai Agogo da Fitila

A shekarar 1842, lokacin da layin dogo na kamfanin Erie a Amurka bai wuce daga Piermont a bakin kogin Hudson zuwa garin Goshen ba, wata matsala ta hana wani kwandasta mai suna Henry Ayers sakat. Shi yana can baya cikin taragun fasinja, direba yana can gaba a kan jirgi, ba mai jin muryar wani. In fasinja ya ƙi biyan kuɗi ana so a sauke shi, ko ƙafar wani tarago ta fara hayaƙi, sai dai kwandasta ya leƙo ya yi ta ɗaga hannu, ko Allah ya sa direba ya waiwayo. Ayers ya samo doguwar igiya, ya bi da ita ta saman taragu har wurin direba, ya ɗaura guntun itace a bakinta. Ya ce duk lokacin da ya ja igiya itacen ya yi tsalle, a tsayar da jirgi.

Direban, wani Bajamushe da ya daɗe a bakin aiki, bai ga dalilin da mai karɓar tikiti zai riƙa ba shi umarni ba. Ya kwance itacen ya yar. Aka sake ɗaurawa, ya sake kwancewa. Yadda tsofaffin ma'aikatan Erie suka riƙa ba da labarin, ranar da abin ya ishi Ayers sai ya tuɓe kwat a tasha, ya ce direban ya sauko su raba raini. Aka ba hammata iska, Ayers ya yi galaba, igiya ta zauna daram. Daga baya aka cire itacen aka maye gurbinsa da ƙararrawa.

Ko labarin ya sha gishiri a bakin masu bayarwa, tsarin da yake nunawa shi ne ya tabbata. A layukan dogo na Amurka kwandasta ne shugaban jirgi. Direba ke riƙe da inji, amma ba ya motsa shi sai kwandasta ya ɗaga hannu da rana, ko ya kaɗa fitila da dare. Kuɗin tikiti a hannunsa suke, takardun kaya a hannunsa, masu birki a ƙarƙashinsa. Shi ke yanke shawarar a ci gaba ko a ratse a jira. In an isa lafiya ba mai tunawa da shi, in an yi karo kuwa sunansa ake fara tambaya. Kayan aikin da aka ba shi ya ɗauki wannan nauyi ba su taka kara sun karya ba: agogon aljihu, takardar jadawali, fitila, jar tuta, sai hannuwan samarin da ke gudu a kan rufin taragu.

Shi ma daga cikin samarin nan ya fito. Ba a wayi gari a zama kwandasta. Mafi yawansu sun fara ne a matsayin masu birki a jirgin kaya, suka shafe shekaru a nan, kuma wanda ya fita da ransa da ƙafafunsa shi ke samun ƙarin girma.

Aikin farko da ke cin mutane shi ne haɗa taragu. A lokacin, abin da ke riƙe tarago da ɗan'uwansa wani zoben ƙarfe ne mai tsawo, kamar ƙafa ɗaya ko fiye kaɗan, da ƙusoshi biyu masu kauri. A goshin kowane tarago akwai wani baki na ƙarfe. Rabin zoben yana cikin bakin taragon da ke tsaye, an soke shi da ƙusa. Sauran rabin yana reto ƙasa saboda nauyi. Sai mai birki ya shiga tsakanin dogayen biyu ya tsaya, direba kuma ya turo ɗaya taragon da baya, ba ya ma ganin mutumin, alamar hannun wani kawai yake bi. Mai birki ya ɗaga zoben da hannu ɗaya, ya saita shi da bakin da ke tahowa, ya riƙe har sai ya fara shiga, sannan ya fizge hannunsa kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya saki ƙusa ta biyu cikin raminta. Tsakanin shigar zobe da haɗuwar ƙarafan nan ƙiftawar ido ce. In ya zare hannu da wuri, zobe ya faɗi, a sake lale, kwandasta na duba agogo. In ya makara, yatsu sun tafi.

Da a ce duk taragun iri ɗaya ne, da hannu ya saba. To kowane kamfani da irin nasa, wani bakin ya fi wani tudu, wani zoben sai an lanƙwasa. Wani taragon kuma an ɗora masa katako ko dogayen ƙarfe sun zarce goshi, su matse mutum a ƙirji. A ƙasa ga mahaɗar layi, inda dogaye biyu ke tsukewa, takalmi ya maƙale a ciki tarago na tahowa. Wasu kamfanoni sun raba wa ma'aikata sanda don ɗaga zoben, amma sandar tana rage sauri, kuma tsofaffin hannu suna yi wa mai amfani da ita kallon matsoraci. Ana ba da labarin cewa in mutum ya zo neman aiki, shugaban yadi kan ce ya ɗaga hannuwansa, in an ga babu yatsa ɗaya ko biyu, an san ya taɓa aikin. A kwandastocin jirgin kaya na wancan zamani, mai guntun hannu ba abin kallo ba ne.

Na biyu shi ne birkin kansa. Birkin inji kaɗai ba ya tsayar da dogon jirgi. Kowane tarago da nasa birkin, wanda ake murɗawa da wani gammon ƙarfe da ke tsaye a ƙarshen rufi. Da direba ya busa gajeren usur guda, mai birkin gaba ya fito daga kan jirgi, na baya ya fito daga ɗan taragon ƙarshe inda kwandasta ke zama da takardunsa, su hau rufi. Akwai wani siririn katako da aka shimfiɗa a tsakiyar rufin, a kansa ake gudu. Mutum ya murɗa birkin nan, yana sa kulki a tsakanin gammon don ƙarin ƙarfi, ya tsallake ratar da ke tsakanin taragu, ya murɗa na gaba, jirgi na tangaɗi a ƙarƙashinsa. Haka ake yi da tsakar dare, haka ake yi cikin ruwan sama, haka ake yi a hunturu lokacin da ƙanƙara ta daskare a kan katakon ta mai da shi santsi. A gangaren dutse, in suka yi jinkiri jirgi ya ƙwace. In kuma aka matse birki fiye da kima, ƙafar tarago ta daina juyawa ta goge a kan dogo, laifin ya dawo kan mai birki.

Gadojin da ke ƙetare layi da bakunan ramukan dutse ba a gina su da tunanin mutum tsaye a kan rufi ba. Maganin da aka samo shi ne a rataya jerin igiyoyi a saman layi kafin a kai ga gada, su doki mutum a fuska ko a ƙeya, ya san ya kwanta. In hannu ya yi ƙaranci, kwandastan jirgin kaya da kansa ke hawa rufin.

Wanda ya haye duk wannan ya kai ga jirgin fasinja, ya sa kwat mai maɓallan tagulla da hula mai baki, ya zama mutumin da ake gaisarwa a kowace tasha. Hatsarin bai ƙare ba, ya dai sauya kama, kuma yanzu rayukan wasu ne a wuyansa.

Kusan duk layukan lokacin tilo ne. Jirgi mai zuwa da mai dawowa a kan dogo ɗaya suke, sai a wasu wurare da aka yi ɗan layin gefe inda ɗaya zai ratse ɗaya ya wuce. Abin da ya raba su da karo shi ne jadawali da dokar jira: wane jirgi ke da haƙƙin hanya, wane zai jira, minti nawa zai jira kafin ya ɗauka cewa hanya tasa ce. Duk wannan lissafi a kan agogon aljihun kwandasta yake, a ƙasar da kowane gari ke saita lokacinsa da tsayuwar rana, kowane kamfani kuma da agogon da yake bi. Sai ranar 18 ga Nuwamba 1883 kamfanonin suka haɗu a kan lokaci na bai-ɗaya.

Ranar 12 ga Agusta 1853, a Valley Falls ta jihar Rhode Island, wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa na kamfanin Providence da Worcester ya makara. Kwandastansa, wanda bai daɗe da barin aikin birki ba, ya duba agogo ya ga akwai sauran lokacin da zai kai wurin da layi ya rabu biyu kafin ɗaya jirgin ya iso. Agogon yana baya da kamar minti biyu. Jiragen suka yi taho-mu-gama a wata kwana, mutum fiye da goma suka mutu. Wani mai ɗaukar hoto ya zo ya ɗauki tarkacen, kuma hoton yana cikin na farko-farko da aka taɓa ɗauka na hatsarin jirgin ƙasa.

Shekara uku bayan haka aka yi wanda ya fi shi muni. Da asubar 17 ga Yuli 1856, wani jirgi na musamman ya tashi daga Filadelfiya ɗauke da mutum fiye da dubu, yawancinsu yaran makarantar Lahadi ta cocin St. Michael, za su yini a wani dandali kusa da Fort Washington. Jirgin ya tashi a makare da fiye da minti ashirin, ga nauyi ya yi masa yawa. Daga ɗaya ɓangaren, jirgin da ya saba zuwa birni kowace safiya yana ƙarƙashin wani kwandasta mai suna William Vanstavoren. Ya jira iya abin da ya fahimci doka ta ce, bai ga kowa ba, bai kuma sami wani saƙo ba, ya ba da alamar tashi. A wata makauniyar kwana kusa da Camp Hill jiragen suka haɗu. Taragun gaba na jirgin yaran, waɗanda duk katako ne, suka ragargaje, wutar inji ta kama su. Kimanin mutum sittin suka rasu, har da limamin cocin, Daniel Sheridan. Wata mata mai suna Mary Ambler ta tako da ƙafa daga gidanta da tsummokin ɗaure rauni, ta kuma mai da gidan nata wurin jinya. Garin Ambler na yau sunanta ya ci.

Vanstavoren bai ji ciwo ba. Ya koma Filadelfiya, ya kai rahoton abin da ya faru, ya wuce gida ya sha guba ya mutu. Binciken da aka yi daga baya ya wanke shi, ya ɗora laifin a kan masu jan jirgin yaran. Abin tausayi a nan ya wuce na mutum ɗaya. An gina tsarin ne yadda duk kuskuren jadawali, da rashin saƙo, da ganganci wajen loda mutane, za su taru su sauka a kan wanda ya ɗaga hannu ya ce a tafi, har shi kansa ya yarda cewa shi ne mai laifin.

Akwai mafita tun kafin wannan rana. A 1851 shugaban zirga-zirgar Erie, Charles Minot, yana cikin wani jirgi da ke jira a tashar Turner's, sai ya buga wayar tangaraho zuwa Goshen ya tambaya ko jirgin da ake jira ya iso can. Aka ce bai iso ba. Ya ba da umarni a riƙe shi in ya zo, ya rubuta wa kwandasta takarda cewa su ci gaba. Direban ya ƙi, don a saninsa wannan hanyar mutuwa ce. Minot ya hau inji ya ja jirgin da kansa, direban ya koma kujerar ƙarshe ta taragon ƙarshe ya zauna. Daga nan aka fara tafiyar da jirage da umarnin waya. Ya rage karo sosai, amma ya ƙara wa kwandasta wani kaya: 'yar takardar da zai karɓa a tasha, ya sa hannu, ya karanta daidai, ya kai wa direba. A manta ta a aljihu, ko a karanta sunan tasha ɗaya a maimakon wata, ya isa. Agogon ma bai daina kisa ba. Bayan karon Kipton a jihar Ohio a watan Afrilun 1891, inda mutum takwas suka mutu kuma aka danganta abin da agogon da ya tsaya na minti huɗu, aka ɗauko wani mai sayar da agogo na Cleveland, Webb Ball, ya tsara binciken agogunan ma'aikata. Ƙa'idar ita ce kada agogo ya yi gaba ko baya da fiye da daƙiƙa 30 a mako.

Cikin taragun kuma wata duniya ce. Kwandasta na ratsawa daga wannan zuwa wancan ta buɗaɗɗen dandamali, iska na kaɗa shi, fitila rataye a hannu, yana huda tikiti. A kowane tarago akwai murhun ɗumama ɗaki da fitilun mai, waɗanda in jirgi ya kife su ke ƙarasa wanda karo bai kashe ba, kamar yadda aka gani a Angola ta jihar New York a Disambar 1867, inda kusan mutum hamsin suka mutu, da yawa a cikin wuta. Ga mashaya, ga 'yan caca, ga masu hawa ba tikiti da sai an yi kokawa kafin a sauke su. Ranar 15 ga Yuli 1881, kusa da Winston a jihar Misuri, 'yan fashin ƙungiyar Jesse James suka shiga jirgin Rock Island kamar fasinjoji, suka harbe kwandasta William Westfall yana cikin karɓar tikiti.

Yadda wasu kwandastoci suka ɗauki jirgin tamkar amanar da aka damƙa musu, kwandasta William Fuller ya nuna shi. A 12 ga Afrilu 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, yana karin kumallo a Big Shanty ta jihar Jojiya sai wasu sojojin Arewa cikin farin kaya suka gudu da kan jirginsa. Fuller ya bi su da ƙafa, sannan da keken dogo, sannan da injuna uku ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ma da baya yake tafiya, har mil 87, sai da ya karɓo abinsa. Duk da haka kamfanoni ba su yarda da kwandastocinsu a kan kuɗi ba. Tun 1855 wasu kamfanonin yankin Chicago suka ɗauki Allan Pinkerton ya riƙa sa 'yan leƙen asiri cikin fasinjoji, suna ƙirga wanda ya biya a hannu don a gwada da abin da kwandasta ya kawo ofis.

In ma'aikaci ya ji rauni fa? Wani direba, Nicholas Farwell, ya kai ƙarar kamfanin Boston da Worcester bayan hannunsa ya murƙushe saboda sakacin mai sauya layi. A 1842 babban alƙalin Massachusetts, Lemuel Shaw, ya yanke cewa wanda ya karɓi aiki ya karɓe shi da hatsarinsa, har da sakacin abokin aiki, kuma albashinsa ya riga ya biya shi wannan. Kotuna a faɗin ƙasar suka bi wannan hukunci shekaru da dama. Ma'anarsa a aikace ita ce, in tarago ya lalace kamfani ne ke asara, in mutum ya lalace iyalinsa ne. Kamfanonin inshora kuma ko dai su ƙi masu birki, ko su tsauwala musu kuɗi. Shi ya sa ma'aikatan suka koma taimakon kai da kai. Kwandastoci suka kafa ƙungiyarsu a Amboy ta jihar Illinois a 1868. A 1883 masu birki takwas suka zauna cikin taragon ƙarshe na wani jirgin Delaware da Hudson a Oneonta suka kafa tasu. Babban aikin ƙungiyoyin a farko shi ne karo-karo don gwauruwa da marayu da wanda ya rasa hannu.

Abin da ya fi ci wa mai karanta tarihin nan rai shi ne, maganin yana nan tun da wuri. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, wanda direba ke sarrafawa daga wurin zamansa, ya kuma inganta shi a 1872 yadda in jirgi ya tsinke birki zai kama da kansa. Eli Janney ya yi rajistar mahaɗin da ke kulle kansa a 1873, ba sai mutum ya shiga tsakani ba. Jiragen fasinja suka karɓi birkin iska da wuri, don mutuwar fasinja tana jawo jarida da diyya. Jiragen kaya kuwa aka bar su yadda suke kusan shekara ashirin. Kamfanoni na da hujjarsu: taragun kaya dubbai ne, suna yawo daga layin wannan zuwa na wancan, wanda ya gyara nasa shi kaɗai bai tsira ba. Hujjar gaskiya ce, amma da doka ta sa kowane yatsa da ya guntule ya zama kuɗi a littafin kamfani, da an daɗe da shawo kanta.

Wanda ya ƙi barin maganar ta kwanta wani manomi ne na jihar Iowa, Lorenzo Coffin, tsohon limamin soja. A 1874 ya ga wani mai birki ya rasa sauran yatsu biyun da suka rage masa a hannun dama wajen haɗa tarago. Da aka naɗa shi kwamishinan layin dogo na jihar a 1883, ya mai da abin aikin rayuwarsa. Ya hau jiragen kaya tare da ma'aikata, ya rubuta wa jaridu da coci-coci wasiƙu ba adadi, ya halarci tarukan shugabannin kamfanoni ko ba a gayyace shi ba. Yana wurin gwaje-gwajen da aka yi a layin Burlington a 1886 da 1887 da jirage masu tarago 50, waɗanda suka tilasta Westinghouse ya sake fasalin birkinsa har ya iya tsayar da dogon jirgin kaya ba tare da taragu sun daddaki juna ba.

A lokacin alƙaluma sun fara fitowa. Hukumar kula da sufuri tsakanin jihohi, wadda aka kafa a 1887, ta nuna cewa a shekara guda kusan ma'aikatan dogo 2,000 ke mutuwa, fiye da 20,000 ke jin rauni. A cikin masu aiki a kan jirgi, wato direbobi da masu hura wuta da kwandastoci da masu birki, wajen mutum ɗaya cikin ɗari da 'yan kai ke mutuwa duk shekara. Shugaba Benjamin Harrison ya faɗa wa majalisa a 1889 cewa abin kunya ne a ce ma'aikaci na fuskantar hatsari irin na soja a fagen fama. Ranar 2 ga Maris 1893, kwana biyu kafin ya sauka daga mulki, ya sa hannu a dokar da ta wajabta birkin iska da mahaɗi mai kulle kansa.

Kamfanoni suka nemi ƙarin lokaci, aka ba su, dokar ba ta fara aiki sosai ba sai 1900. Raunukan haɗa taragu, da suka kai kusan 11,000 a 1892, suka sauko zuwa 2,000 da 'yan kai a 1902, alhali yawan ma'aikata ƙaruwa ya yi. A 1907 aka hana a riƙe ma'aikacin jirgi a bakin aiki fiye da awa 16 a jere. A 1908 majalisa ta soke kariyar sakacin abokin aiki a layukan da ke ratsa jihohi, shekara 66 bayan shari'ar Farwell, ta ba ma'aikacin da ya ji rauni da iyalin wanda ya mutu damar kai kamfani ƙara su karɓi diyya.